Ranar da Kwamfutar Firinsifal Ta Tona Min Asiri

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta bayan girbin gero ba, ranar da na tsaya a gaban dagaci da liman da mahaifina ina roƙon Allah a zuci ƙasa ta tsage in shige. Ƙasar kuwa ta ƙi. Har yau in abin ya faɗo min, ko tuwo nake ci sai na tsame hannu.

Bari in ɗauko muku daga tushe. Ina koyarwa a wata ƙaramar sakandaren je-ka-ka-dawo a ƙauyenmu, nan gefen Tsanyawa. Lissafi aka ɗauke ni in koyar, amma da yake ni kaɗai ne cikin malamai na taɓa zama ajin kwamfuta na wata shida a Kano, sai aka haɗa min da darasin kwamfuta. Da alli nake zana ta a allo, in ce wa yara ga fuskarta, ga maɓallanta. Alhali a sito muna da wasu tsofaffin kwamfutoci guda takwas da wani ɗan garinmu ya kawo daga wurin aikinsa, gizo-gizo ya yi gida a cikinsu saboda an ce sun tsufa, ba sa ɗaukar komai.

Ana nan sai wani abokina a Kano ya nuna min Linux. Ga wanda bai sani ba, manhaja ce da ke tuƙa kwamfuta gaba ɗayanta, kyauta ake samunta, kuma tana iya tashin tsohuwar kwamfuta ta yi gudu kamar sabuwa. Ya zuba min ita a filash, na hau motar Tsanyawa na dawo gida ina jin kamar na ɗauko maganin duk wata cuta. Tun daga ranar na zama tamkar mai tallan maganin basir a kasuwa. Duk wanda ya ce min ina kwana, sai na ba shi labarin Linux. (Har mai shayin bakin tasha na yi wa bayani, mutumin da ko wayarsa mai tocila ce.) Burina a fito da kwamfutocin nan takwas, a zuba musu Linux, a buɗe ɗakin kwamfuta, a ba ni makullin. Abin da ya rage shi ne shugaban makaranta ya yarda, shi kuma ya shawo kan iyayen yara su gyara mana ɗakin.

Shugaban namu Malam Isiyaku ne. Aminin Babana ne tun suna samari, shi ya koya min karatun boko a aji ɗaya, shi kuma ya tsaya tsayin daka har na samu wannan aikin. Mutum ne mai kirki, babu wanda zai ce ya taɓa jin ashar a bakinsa. Aibinsa ɗaya, tsawon zance. In ya tashi jawabi sai ya gyara murya, ya ce, “A taƙaice dai, jama'a,” to daga nan sai ku nemi wurin zama. Akwai ranar da ya taƙaita mana tun hantsi har aka kira azahar.

'Yarsa da ke aiki a Kano ta aiko masa da laftof ta hannu, mai kyau, irin wadda maɓallanta ke haske daga ƙasa. Malam yana son fitilar nan kamar me, saboda idonsa ya fara rauni, kuma da yatsa ɗaya yake rubutu, sai ya nemo kowane harafi tukuna. Bayan 'yan watanni kwamfutar ta fara nauyi, in ya kunna ta sai ya je ya zaga azuzuwa ya dawo ba ta gama farkawa ba. Na ce a raina, ga dama ta samu.

“Malam, ka ba ni ita kwana ɗaya kawai,” na ce masa. “In na zuba mata Linux, wallahi sai ka riƙa roƙonta ta jira ka.”

Ya dube ni ta saman tabarau. “Ba dai za ka ɓata min ita ba ko? Asabar mai zuwa akwai taron iyaye, da ita zan nuna musu hotunan ɗakin nan naka da majigi.”

“Haba Malam. Ni ne fa.”

(Wannan “ni ne fa” ita ta kai ni ta baro.)

Na zuba mata, ta kuwa yi gudu. Washegari na kai masa ofis ina tafiya kamar wanda ya dawo daga yaƙi da ganima. Ya kunna, kafin ya gyara zama ta buɗe. Ya ce masha Allah. Sai ya kai yatsa jerin maɓallan sama, waɗanda ake haɗawa da wani ƙarami mai suna Fn don a ƙara murya ko a rage, ko a kunna fitila. Ya danna na fitila. Shiru. Ya sake dannawa. Shiru. Ya gwada na ƙara murya, ya gwada na ragewa, duk kamar yana danna dutse.

“Ina fitilata?” ya ce.

“Ƙaramin abu ne, Malam. Minti biyar.”

Minti biyar ɗin nan kwana huɗu ya zama. A ƙauyenmu sabis ba ya shiga ɗaki, sai ka fita bayan gari gindin wata ɗorawa da ke bakin gonar gyaɗar kawuna. Kullum in an tashi daga makaranta nan nake tarewa, laftof a cinya, waya a sama, ina karanta abin da masana suka rubuta da Turancin da ban taɓa gamuwa da irinsa ba. Wannan ya ce a rubuta kaza a baƙin allon da ake ba kwamfuta umarni, wancan ya ce kada a kuskura a bi maganar na farko. Ni kuwa duk wanda ya faɗa sai in kwafa in zuba. Masu cirar gyaɗa in sun zo wucewa sai su ce, “Sannu da aiki, Injiniya!” In ɗaga musu hannu ba tare da na ɗago kai ba, don su san aikin babba ne. A cikina kuwa ban san gabas ba, ban san yamma ba.

Ranar Juma'a, ana gobe taro, na ci karo da wata dabara. Ashe mutum zai iya zama ya ba kowane maɓalli aikinsa da hannu, ya ce wa kwamfuta in an danna wannan, ki yi kaza. Mai bayanin ya ba da shawarar a fara gwadawa a ga ko kwamfutar tana ma jin maɓallin, wato a ɗaura masa wani abu mai sauƙi, kamar ya kunna wani sauti. In an danna sautin ya fito, to maɓallin yana da rai, sai a cire sautin a ɗaura masa aikinsa na gaskiya.

Na dawo gida bayan la'asar na zauna a tabarma a tsakar gida. Matata Sa'adatu tana gefe tana tsince wake. Ina bukatar sautin gwaji, babu ko ɗaya a kwamfutar, sai na ce bari in naɗi muryata. Na danna naɗi. To a nan ne shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni. Na gyara wuyan riga, na sauke tabarau na ƙarya zuwa kan hanci, na yi gyaran murya sau biyu, na shiga kwaikwayon Malam Isiyaku. (In faɗi gaskiya, na iya. Tun muna ɗalibai nake yi, ban taɓa samun wanda ya kamo ni ba.) Sa'adatu ta yi dariya har waken ya zube, sannan ta yi min faɗa, na ba ta amsa, na tsayar da naɗin. Na ɗaura sautin a maɓallin fitila, na danna, muryata ta fito tar. Maɓalli yana da rai!

Daga nan na ba maɓallan murya aikinsu. Na danna, na ga wata 'yar alama ta fito a fuskar kwamfuta tana motsi, na ce shi ke nan, ban tsaya duba ko sama take yi ko ƙasa ba. Sannan na koma baƙin allo na rubuta wani umarni da na kwafo a takarda, na danna. Jama'a, sai ga haske ya taso daga ƙarƙashin maɓallai, fari tas. Na miƙe tsaye na yi kabbara. Na zaga tsakar gida da kwamfuta a hannu ina nuna wa Sa'adatu, har kaji na nuna wa.

“To Alhamdu lillahi,” ta ce. “Yanzu sai ka ci abinci, kwana huɗu kana magana da kanka.”

Na rufe kwamfuta na ci abinci. Abin da ban yi ba shi ne in koma in cire muryata daga maɓallin fitila in ɗaura masa umarnin da ya kunna hasken. Murna ta sa na manta sam.

Asabar da hantsi aka cika babban ajinmu maƙil. An toshe tagogi da tabarmi da buhunan taki don hoton majigi ya fito, ɗakin ya yi duhu kamar cikin rumbu. Dagaci yana gaba a kujera, liman a damansa, Babana a kusa da liman da carbinsa. (Babana malamin allo ne, mutum ne da ko dariya zai yi sai ya duba ko ta halatta.) Iyaye maza a kan benci, mata a baya. Maigadin makaranta ya tada janareto, ni kuma na haɗa laftof da majigi, na haɗa ta da babbar lasifikar da muka aro daga masallacin Juma'a, na ƙure murya don na baya su ji. Da na kunna kwamfutar na lura fitilar ba ta kama ba, amma na ce ba komai, ai maɓalli na nan, dannawa ɗaya ce.

Aka yi addu'a. Malam Isiyaku ya tashi, kafin ya fara komai sai ya nuna ni.

“Wannan yaro da kuke gani, ɗana ne. Ni na koya masa riƙe fensir. Yau ga shi ya ƙware a ilimin da ni ban sani ba. Kwamfutar nan da hannunsa ya gyara ta.”

Aka yi ta masha Allah. Na sunkuyar da kai irin na masu kunya, alhali a ciki ina ta kumbura. Na saci kallon Baba na ga ya ɗan gyaɗa kai. Rabon da in ga ya gyaɗa min kai tun ranar saukata.

Malam ya zauna gaban kwamfuta zai buɗe hotuna, ya laluba, duhu ya hana shi ganin haruffa. Ya ce, “Bari in kunna 'yar fitilata.” Ya haɗa Fn da maɓallin, ya danna.

Lasifikar masallacin Juma'a ta yi gyaran murya sau biyu.

“Ehem, ehem. A taƙaice dai, jama'a, a taƙaice dai, ba zan wuce awa uku ba. Wanda bai zo da tabarma ba ya aika gida a kawo masa. Mai shuka ya je ya yi shuka, in ya yi girbi ya dawo, zai same ni ina kan batu na farko.”

Mutane suka dubi Malam, suka ga bakinsa a rufe. Wani tsoho a baya ya ce, “Ikon Allah, ta iya muryarsa!” Ni kuwa na san abin da ke biye. Sai ga dariyar Sa'adatu ta cika ɗakin, sannan muryarta:

“Kai maigida, ka ji tsoron Allah. Mutumin nan fa shi ya samo maka aiki.”

Sai tawa muryar, ta ainihi, wadda duk garin ya sani, cikin annashuwa:

“Ke rabu da ni, ai ba ji zai yi ba.”

Ban san lokacin da na tsallake benci biyu ba. Kafin in isa, Malam ya sake danna maɓallin, a tunaninsa abin da ya kunna shi zai kashe. “Ehem, ehem,” in ji lasifika, ta ɗauko daga farko. Na kai hannu na danne maɓallin rage murya da ƙarfi. Muryar ta ƙaru. Ashe jiya na juya su, na ragewa shi ke ƙarawa. Na danna na kashe murya gaba ɗaya, shi kuwa ashe ban ma ba shi aiki ba. “Mai shuka ya je ya yi shuka,” lasifika tana faɗa, yanzu har masu tallan ƙosai a bakin ƙofar makaranta suna ji. Na ɗaga murya na ce wa maigadi, “Kashe janareto! Kashe!” Ya kashe. Majigi ya mutu, lasifika ta mutu, ɗaki ya ƙara duhu. Amma laftof tana da batir. Cikin shirun nan, da 'yar siririyar muryarta, ta ƙarasa wa jama'a:

“Ai ba ji zai yi ba.”

Sai a lokacin hankalina ya ba ni in rufe murfin.

Wani ya yaye tabarmar taga, haske ya shigo, na ga fuskoki. Dagaci ya cusa bakinsa cikin rawani, kafaɗunsa suna rawa. Liman ya kafa wa sama ido kamar yana ƙirga kwanukan rufi. Daga bayan ɗaki, wajen mata, wata ta kasa riƙewa ta fashe, shi ke nan kowa ya samu hanya. Mutum biyu ne kawai ba sa dariya, ni da Babana. Carbinsa ya tsaya cak a hannunsa, yana kallona irin kallon da yake yi wa wanda ya haɗiye aya a karatu.

Malam Isiyaku ya miƙe a hankali, ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya jira dariya ta lafa. Sannan ya yi gyaran murya, ya ce, “To, na ji.”

Aka sake kwashewa.

“A taƙaice dai,” ya ce, ya ɗan dakata har aka gama wata dariyar, “muna da kwamfuta takwas a sito, muna da ɗaki babu ƙofa babu taga, muna da malamin da kuka ji irin baiwarsa. Ku taimaka ku gyara mana ɗakin. Na gama.”

Ya zauna. Wallahi ko minti ɗaya bai cika ba. Tsofaffin garin suka ce tun da suke ba su taɓa ganin haka ba. Dagaci ya share hawaye ya ce shi ya ɗauki ƙofa, wani kafinta ya ce tagogi nasa ne, sauran suka ce za su zo aikin gayya ranar Laraba. Abin da muka yi ta tsara yadda hotuna za su jawo, abin kunyata ya jawo shi cikin minti goma. Ban ji daɗin ko ɗaya ba a lokacin. Ina tsaye a jikin bango ina naɗe waya, na naɗe ta na warware ya fi sau biyar don kada in haɗa ido da kowa.

Da aka watse Baba ya wuce gida. Bayan la'asar ya aiko a kira ni, na same shi a ƙofar gida ya sa babbar riga.

“Ɗauko na'urar,” ya ce. “Wuce gaba.”

Muka ratsa gari a ƙafa zuwa gidan Malam Isiyaku, ni a gaba da laftof a hammata, shi a baya. Ga ni da aure da 'ya, amma ji nake kamar ranar da aka fara kai ni makaranta. Duk majalisar da muka wuce sai a gaishe da Baba da ladabi, in mun gota in ji wani ya yi “ehem, ehem” ƙasa-ƙasa.

A zaure na durƙusa. Na ce, “Malam, na yi kuskure, na yi rashin kunya. Ka yafe min don Allah.”

Baba ya ce, “Isiyaku, ga shi nan. Ɗanka ne. Duk abin da ka ga dama.”

Malam ya dube ni ta saman tabarau. Sannan ya ce, “Abu biyu ne suka ɓata min rai. Na farko, gyaran murya sau uku nake yi, ba biyu ba. In za ka yi abu, ka yi shi daidai.” Baba ya kau da kai gefe, na ga gemunsa yana motsi. “Na biyu, har yanzu ba ni da fitila. Zauna nan ka gyara ta a gabana.”

Na zauna a ƙasa na buɗe. Na cire sautin daga maɓallin, na ɗaura masa umarnin haske, na mayar da na murya kowanne gurbinsa. Aikin da bai fi minti uku ba. Na miƙa masa, ya danna da yatsansa ɗaya, haske ya taso. Ya kashe, ya kunna, ya kashe, ya kunna, yana murmushi. Na ce bari in goge naɗin nan kowa ya huta.

“A'a, tsaya,” ya ce. “Tura min shi a waya tukuna. Hajiya, uwargidana, ba ta je taron ba, tun ɗazu take cewa an yi abu babu ita. Shekara talatin tana faɗa min zancena ya yi tsawo ina musu, yau ta samu shaida.”

Haka na tura masa abin kunyata da hannuna. Muna fita muka jiyo dariyar Hajiya daga cikin gida.

An buɗe ɗakin kwamfuta kafin ƙarshen zangon, shida cikin takwas ɗin sun tashi, kuma an ba ni makullin. Sai dai na biya da sunana. Na ɗauka Malam Isiyaku za a riƙa tsokana da maganar, ashe ni za ta bi. Yau a garinmu in ka tambayi gidan malamin lissafi za a tsaya tunani, amma ka ce gidan Malam Ataƙaice, ko akuya ta nuna maka. Sa'adatu kuwa ta zama tauraruwa wajen mata, ita ce matar kirkin da ta ce a ji tsoron Allah. (Ba wanda ya tuna ita ta fara dariya.)

Darasin da na koya, in kana gyaran kayan mutum, ka ɗauka yana zaune kusa da kai. In kuma dole sai ka gwada lasifika, ɗan'uwa, ka ce “ɗaya, biyu, uku” ka yi shiru. Waɗanda suka ƙirƙiro wannan ƙirgen ba rashin abin faɗa ne ya dame su ba, sun dai riga mu jin jiki ne.